Gajerun Hanyoyi a Kwamfuta: Tsarabar 'Yar Kasuwa ga Malamanmu Mata



 

Kwamitin shirya biki ne ya ce in yi magana a kan kwamfuta, kuma in fuskanci malaman makaranta da ke cikinmu. Na san wata za ta ce a ranta, yau ga abin mamaki, mai sayar da atamfa za ta koya wa malamai. Ku kwantar da hankalinku, ba alli zan ƙwace muku ba. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na shiga, da goyo a bayana na koyi haɗa baƙi da wasali. Daga baya aka buɗe mana ajin kwamfuta, shi ma na zauna. Yau da ita nake riƙe lissafin shagona, da ita nake taya sakatariya shigar da zubin mambobi. An ce gemu ba ya hana ilimi. To mu da ba mu da gemun ma, me zai hana mu?

Abin da ya sa na karɓi maganar nan, malamai abokan cinikina ne. Na san ranar da albashi ke shiga, na san ranar da yake ƙarewa, don littafin bashina ne ke gaya min. Kuma na lura duk ƙarshen zango akwai kuɗin da ke fita daga jakar malama ba tare da ta ci ko ta ɗaura ba, wato kuɗin buga takarda a shagon masu kwamfuta. Mu yi lissafin kasuwa. Mu ɗauka ana karɓar ₦300 kowane shafi, kina da shafi 20 na tambayoyi da sakamako. ₦6,000 ke nan. Zango 3 a shekara, ₦18,000. Kowace ta san zubin wata nawa ne wannan a wurinta.

Kuɗin ma da sauƙi. Tambayoyin jarrabawa amana ce. In kika kai su shago, yaron shagon ya gani, abokinsa da ke zaune a benci ya gani, kwafin ya zauna a kwamfutarsu bayan kin tafi. In tambaya ta fita kafin ranar jarrabawa, ba sunan mai shago za a kira a ofishin shugabar makaranta ba, sunanki za a kira.

Sannan zamani ya riga ya juya. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Jarrabawar TRCN ta tantance malamai ita ma a kwamfuta ce. WAEC ta soma gwada nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Yarinyar da malamarta ke tsoron kwamfuta, ita ma da tsoro za ta shiga ɗakin jarrabawa. Don haka maganar yau ta shafi aljihunku, ta shafi mutuncinku, ta shafi 'ya'yanmu da muka ba ku.

To bari mu shiga. Duk abin da zan faɗa na kwamfuta mai Windows ne, irin wadda ta fi yawa a makarantunmu, da manhajojin Word da Excel.

A kasuwa, baƙo ne ke bin babbar hanya. Ɗan gari lungu yake bi, ya riga kowa isa. Kwamfuta ma haka take. Linzamin nan da ake ja a kan tebur shi ne babbar hanya, maɓallai su ne lungu. Ki duba kusurwar hagu ta ƙasa, akwai maɓalli mai suna Ctrl. Shi kaɗai ba ya yin komai, kamar dillali yake, sai an haɗa shi da wani. Ki danne shi da ɗan yatsanki, kada ki saki, ki taɓa harafin da kike so sau ɗaya, sannan ki saki duka. In na ce Ctrl da S, abin da nake nufi ke nan.

Na farko, kuma uwar duka, Ctrl da S. Shi ne adanawa. Ni ina tuna shi da cewa "Sa a ma'aji". Dukanmu mun san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta tafi. Kwamfutar tebur da ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu, abin da ba ki adana ba yana iya bin ta. Gaskiya ne Word yana ɗan ajiye kwafin gaggawa da kansa, yawanci duk minti 10, amma minti 10 tambaya nawa ce? 'Yar kasuwa ba ta barin ciniki a kan tebur sai yamma, tana karɓa tana sa wa a lalita. Ke ma da kin buɗe sabon shafi, ki ba shi suna ki adana tun kafin ki rubuta komai. Daga nan duk tambaya ɗaya da kika gama, Ctrl da S.

Na biyu, Ctrl da Z. Wannan shi ne maganin tsoro. Yawancin mata da na zauna da su a aji, abin da ke hana su taɓa kwamfuta shi ne kada su ɓata wani abu. To in hannunki ya goge rubutu, ko shafi ya hargitse ba ki san me kika taɓa ba, ki tsaya cak, ki danna Ctrl da Z. Zai mayar da ke baya taki ɗaya. Ki sake dannawa, ya ƙara wani takin. In kin wuce inda kike so, Ctrl da Y ya dawo da ke gaba. Da a ce almakashina yana da irin wannan, da ba a taɓa yin asarar yadi a Kwari ba.

Na uku, 'yan uwan juna guda huɗu. Ctrl da A yana zaɓar komai da ke shafin, "A haɗa duka". Ctrl da C yana ɗaukar kwafin abin da kika zaɓa, na asali yana nan inda yake. Ctrl da X yana yanke shi daga wurin, ku duba harafin ma kamar almakashi a buɗe. Ctrl da V yana sauke abin da kika ɗauko a inda kike so. Malama mai aji uku, kan takardar jarrabawa iri ɗaya ne: sunan makaranta, zango, darasi, lokaci, umarni. Sau ɗaya za ki buga shi, saura kwafi ne. Wajen zaɓar rubutu kuwa, danna linzami sau biyu a kan kalma yana zaɓar kalmar, sau uku yana zaɓar sakin layin duka.

Na huɗu, nema da sauyawa. Ctrl da F, "Fito min da shi". Sunan yarinya ɗaya kike nema a cikin suna 300, ki buga farkon sunan, kwamfuta ta kai ki. Ƙanensa Ctrl da H ya fi shi aiki. Misali takardar bara ce, ko'ina an rubuta Zango na Ɗaya, yanzu kina son Zango na Biyu. Akwati biyu zai fito, a na sama ki sa tsohuwar kalma, a na ƙasa sabuwa, ki danna Replace All. Amma a lura, kwamfuta ba ta da hankali, biyayya gare ta. In kika ce ta sauya "Ali" za ta iya shiga har cikin "Aliyu" da "Halima". Ki ba ta jimla cikakkiya, ko ki riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya kina kallo.

Da na ambaci takardar bara, ga wata dabara. Kada ki yi gyara a kan ta asali. Ki buɗe ta, ki danna F12, ki ba ta sabon suna, sannan ki yi gyaranki. Ta bara tana nan lafiya, ta bana ta samu. A wasu laftof sai kin haɗa da maɓallin Fn kafin maɓallan F ɗin nan na sama su yi aiki.

Na biyar, kwalliyar takarda. Ctrl da B yana sa rubutu ya yi kauri, "Baƙi ƙirin". Ctrl da U yana ja masa layi a ƙasa. Ctrl da E yana kai shi tsakiyar shafi, don haka a daina danna dogon maɓallin tazara sau 30 ana tura sunan makaranta tsakiya, ranar bugawa zai karkace. Haka in kina son sashe na biyu ya fara a sabon shafi, kada ki yi ta danna Enter har ki gangara. Ctrl da Enter sau ɗaya ya wadatar, kuma ko kin ƙara tambaya a sama ba zai motsa ba. In kin buga sunaye da ƙananan baƙaƙe alhali manya ake so, ki zaɓe su ki danna Shift da F3, za su riƙa juyawa har su kai yadda kike so. Malaman lissafi da kimiyya, ga naku. Ƙaramar lambar nan da ke zama a ƙasa, kamar 2 ɗin da ke cikin H₂O, a tsohon Word Ctrl da alamar daidai ne, a sabon Word kuma Ctrl da Shift da alamar debewa. Wadda ke hawa sama, kamar a x², Ctrl da Shift da alamar tarawa. In kin gama ki sake dannawa, rubutu ya dawo layinsa.

Yanzu ga malaman Hausa, kuma wannan ya fi ci min rai, don da waɗannan haruffa na buɗe ido. A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ba ta yarda a rubuta ƙ babu lanƙwasa. Takan ce kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Daki daban, ɗaki daban. Sai ga shi takardar jarrabawar Hausa ta fito daga shago babu lanƙwasa ko ɗaya, kuma da ita za a auna yaro a kan ƙa'idojin rubutu. Wannan ba adalci ba ne.

Haruffan suna nan cikin kwamfuta, kowane da lambarsa. A cikin Word, ki buga lambar, ki danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin. Ku rubuta: 0253 shi ne ɓ, 0257 shi ne ɗ, 0199 shi ne ƙ. Manyansu kuma, 0181 shi ne Ɓ, 018A shi ne Ɗ, 0198 shi ne Ƙ. 'Yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ mai lanƙwasa, tasu 01B4 ce. Alamar naira ma haka, 20A6 sai Alt da X, ga ₦ ta fito. In harafin a tsakiyar kalma yake, kamar a baƙo, ki fara sa U+ kafin lambar, don kada kwamfuta ta haɗa da haruffan da ke gabanta ta rikice. Wadda ta ga lambobin sun yi mata yawa, ta buga haruffan sau ɗaya a wani fayil ta adana, kullum sai kwafi da saukewa. Akwai kuma allon rubutun Hausa a cikin saitin harshe na Windows. In an saka miki shi, maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara ne ke juya ki tsakanin Hausa da Turanci. A waya ma Gboard yana da Hausa.

Jan layin nan mai kama da tsutsa da ke fitowa ƙarƙashin kalmomin Hausa, kada ya dame ki. Word ne yake zaton Turanci kike rubutawa. Ba ya fita a takarda. In kuma ya yi karambani ya sauya miki kalma da kansa, nan take Ctrl da Z.

To mu zo kan babban aiki, haɗa sakamako. Na san malamai da ke kwana uku da kalkuleta da jan biro, miji na jiran tuwo, yara na kuka, ido na ruwa. Excel don wannan aka yi shi. Shafinsa gida-gida ne kamar littafin bashi. Na tsaye suna da haruffa, A, B, C. Na kwance suna da lambobi, 1, 2, 3. Layin farko na kanu ne. A ki sa suna, B makin gwaji, C makin jarrabawa, D jimla, E matsayi. Mu ce yara 60 ne, za su kama daga layi na 2 zuwa na 61.

A gidan D2 ki buga =B2+C2 ki danna Enter. Ga jimlar yaro na farko. Kowane lissafi a Excel da alamar daidai yake farawa, in babu ita, rubutu kawai zai ɗauke shi. Sai ki koma kan D2, ki duba kusurwarsa ta dama a ƙasa, akwai ɗan ɗigo. Ki danna shi sau biyu. Jimlar yara 60 ta sauka kafin ki ɗauke hannu. In lambobi ne jere kike son tarawa, ki tsaya a gidan da ke ƙarƙashinsu ki danna Alt da alamar daidai, sai Enter. Da shi nake haɗa cinikin wata. Matsakaicin makin aji kuma =AVERAGE(D2:D61).

Matsayi, wanda ke haɗa malama faɗa da iyaye, ga shi: a E2 ki buga =RANK(D2,$D$2:$D$61) sannan ki saukar da shi ƙasa kamar ɗazu. Alamar dalar nan ba kuɗi ba ce, ƙusa ce. Tana kafe jerin don kada ya zame yayin da kike saukarwa. In kin manta ta, matsayi zai fito a karkace. In yara biyu suka yi kunnen doki a na 3, duka zai ba su na 3, mai bi musu ya zama na 5. Daɗin abin, in kika gano makin wata yarinya 47 ne aka shigar 41, gida ɗaya za ki gyara, jimla da matsayin aji duka su gyara kansu.

Amma ga gargaɗi, don Allah a buɗe kunne. In za ki jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kada ki zaɓi layin maki shi kaɗai. In kika yi haka, maki zai motsa, sunaye su tsaya, sai makin wata ya koma kan wata. Excel yakan tambaye ki, ki zaɓi Expand the selection, wato a tafi da kowa da kayansa. Bayan nan ki ɗauki takardun yara uku ko huɗu ki gwada da idonki. Kwamfuta ba ta kuskuren lissafi, amma abin da aka zuba mata shi take dafawa. Mudun da aka auna da shi ba daidai ba, ko sau nawa aka ƙirga ba zai cika buhu ba.

Ƙananan abubuwa biyu a Excel. Lambar wayar iyaye, in kin buga, sifirin farko yakan ɓace. Ki fara sa alamar nan da muke sa wa a farkon kalmar 'ya'ya, sannan lambar, sifiri zai zauna. Kwanan watan yau kuma, Ctrl da waƙafi mai ruwa, zai fito da kansa.

Sai bugawa a takarda. Ctrl da P yana nuna miki yadda shafin zai fito tun kafin ki ɓata takarda da tawada. Ki duba girman takarda, ya zama A4, don kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Letter na Amurka, wanda ya fi tamu gajarta da faɗi. In dole sai kin kai wani wuri an buga, ki adana fayil ɗin a matsayin PDF ta hanyar F12 ɗin nan. PDF ba ya hargitsewa a kwamfutar wani, lanƙwasar haruffanki ba ta zubewa. Ki tsaya a kansu har a gama, ki ga an goge, ki karɓi har takardun da suka lalace.

Maganar ajiya. Shagon da aka zuba atamfa da leshi da shadda wuri ɗaya, mai shi ma ba ya gane kayansa. Maɓallin Windows da E yana buɗe ma'ajiyar fayiloli. Ctrl da Shift da N yana yin sabuwar folda. Ki yi ta shekara, a cikinta ta zango, a cikinta ta aji. Ki ba fayil suna mai ma'ana, kamar "Hausa aji 5 zango 2 jarrabawa". F2 ne ke sauya suna. Kuma kada ki zuba ƙwanki duka a kwando ɗaya, wato ajiya ta zama wuri biyu ko uku: a kwamfuta, a filashi, sannan ki tura wa kanki ta imel. Tambayoyin jarrabawa dai ban da zauren WhatsApp, yatsa ɗaya ne tsakaninki da tura su zauren iyayen yara.

Filashi kuwa kamar tulun unguwa ne, kowa ya tsoma kofinsa. Yana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana kwaso ƙwayar cuta. In kin buɗe kika ga foldodinki sun koma wasu alamu masu 'yar kibiya a gefe, kada ki danna su, kuma kada ki yarda a wanke filashin da gaggawa. Sau da yawa fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya iya zai fito da su. Ki sani kuma, abin da kika goge a kwamfuta yana zuwa kwandon shara, ana iya dawo da shi, amma wanda kika goge a filashi ba ya zuwa can.

Sirri. In za ki tashi, ko alwala ce, maɓallin Windows da L yana kulle kwamfuta, matuƙar kin sa mata kalmar sirri. Ba mai barin shago a buɗe ta tafi salla. Ana iya sa wa fayil ɗin jarrabawa kansa makulli a Word, ta File, sai Info, sai Protect Document. Sai dai in kin manta kalmar, babu maƙerin da zai fasa miki, don haka ki rubuta ta a wurin da ke kaɗai kika sani. Kuma duk wanda ya turo saƙo wai ana tantance malamai, a turo BVN ko lambar sirrin kati ko lambar da banki ya aiko ta waya, ɓarawo ne, ko da wane tambari ya zo.

Wasu 'yan kaɗan da sauri. Alt da Tab yana juya ki tsakanin Word da Excel ba tare da kin rufe ko ɗaya ba. Maɓallin Windows da Shift da S yana yanko hoton wani ɓangare na fuskar kwamfuta, misali taswira ko zane, ki sauke a takardarki da Ctrl da V. In makarantarku na da majigi, Windows da P ne ke haɗa su. A PowerPoint, F5 ya fara nunin, harafin B ya baƙanta allon don yara su dawo da ido kanki. In kwamfuta ta sandare, Ctrl da Shift da Esc zai nuna abin da ya maƙale ki rufe shi, ba sai kin zare waya daga bango ba. Iyayenmu masu tabarau, ku danne Ctrl ku murza ɗan gargaren da ke bayan linzami, rubutu zai ƙara girma.

Ita kanta na'urar tana son kula. Ƙurar hunturu abokiyar gabarta ce, a rufe ta da ƙyalle in an gama. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo, ƙofofin iskarta suna toshewa ta yi zafi. Kofin shayi da kunu su zauna nesa. In an tayar da janareto, a bari ya daidaita kafin a jona.

Ga ɗalibanku masu shirin JAMB, ku gaya musu ko ba su saba da linzami ba, maɓallai sun isa. A, B, C, D na zaɓar amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, shi ya sa ba a taɓa S sai an gama. Amma gani ya kori ji. Yarinyar da ta taɓa zama gaban kwamfuta ko sau biyar ne, hannunta ba zai yi rawa ba ranar. Ku duba F da J a allon rubutu, akwai ɗan tudu a kansu. Nan manuniyar hagu da ta dama ke zama. Daga nan koyon bugu yake farawa, ku nuna musu.

Na san wata za ta ce, duk mun ji, amma ina kwamfutar? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ƙungiya ke da amfani. Ina roƙon shugabanni su duba abu biyu. Na ɗaya, laftof ɗin ofishinmu tana kwana a kabad mafi yawan mako. A ware yammacin Asabar, awa biyu, mata biyar biyar, a riƙa zama ana gwadawa. Ni na ɗauki alkawarin zuwa, yarinyata za ta tsare shago. Na biyu, yadda muke ba da rancen keken ɗinki da injin markaɗe ana biya kaɗan kaɗan, a sa laftof ta hannu a cikin jerin. In za a saya, a tafi da wanda ya sani, a gwada batir a ga awa nawa yake riƙewa, a danna kowane maɓalli, a duba caja, a karɓi rasit. Malamar da ta mallaki tata, kuɗin da take kai wa shago shi zai biya bashin, har ta buga wa abokan aikinta ta sami na cefane.

Kada wadda ta ce za ta haddace duk wannan a dare ɗaya. Yadda aka koya mana a aji, baƙi ɗaya a rana. Wannan makon ki riƙe uku kawai: Ctrl da S, Ctrl da Z, Ctrl da C tare da V. Ki rubuta su a 'yar takarda ki manna a gefen kwamfuta. Mako mai zuwa ki ƙara uku. Kafin jarrabawar zango ta zo, yatsunki sun san hanya da kansu. In wani malami a ofis ya ce kawo in yi miki, ki ce masa na gode Malam, tsaya dai a gefena ka nuna min, ni zan danna.

Malamanmu, ku kuka koya wa 'ya'yanmu riƙe fensir, irinku ne suka koya wa irina rubuta sunanta. Abin da na kawo yau ɗan tukuici ne. Wadda ta koya ta koya wa ta kusa da ita, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 In na ci lokacin wata, a yafe min, bakin 'yar kasuwa ne. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya ba malamanmu ladan aikinsu, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu ranar Asabar.